Yadda Likitoci Suka Koyi Ganin Iska a Cikin Huhu

A garin Bauchi, wanda tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jikinsa, ƙarshenta hoton ƙirji za a rubuta masa. Ko dai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon Asibitin Ƙwararru da gwamnatin tarayya ta karɓa a 2010, ko a asibitin Bayara da ke kan hanyar Dass, inda aka daɗe ana jinyar masu tarin fuka da kuturta. Hoton yakan nuna haƙarƙari da girman zuciya, da ruwa idan ya taru, da ramukan da tarin fuka ya ci. Abin da ba ya nunawa shi ne inda iskar da mutum ya shaƙa ta dosa. Shi ya sa za ka ga dattijuwar da ta yi shekara arba'in tana hura wutar icce a madafi marar taga, tana haki ko tabarma ta ɗauka, amma a ce mata hotonta bai nuna wani abin a-zo-a-gani ba.

Kafin hoto, kunne ne jagora. A 1816 wani likitan Faransa, René Laennec, ya ƙirƙiro bututun sauraron ƙirji a Paris, kuma shi ne ya yi bayanin huhun da ya kumbura da iska ya kasa fitar da ita. A 1846 John Hutchinson ya fito da na'urar awon numfashi a Landan: mutum ya busa, a auna yawan iskar da ya fitar. Har gobe da ita ake tabbatar da cutar toshewar hanyoyin numfashi. Sai dai jimla kawai take bayarwa. Kamar manomin rani ne da ya san yawan ruwan da injinsa ya jawo, amma bai san wane fangali ya sha wane ya bushe ba.

Ranar 8 ga Nuwamba, 1895, Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Würzburg ta Jamus. A 1936 Manuel de Abreu na Brazil ya sauƙaƙa ɗaukar ƙananan hotunan ƙirji ga ɗimbin jama'a don farautar tarin fuka. Hoton da muka gada ke nan. Ga tarin fuka ya yi rana, ga iska kuwa makaho ne, domin iskar da ke shige da fice da wadda ta maƙale duk baƙi suke fitowa.

Dabarar da ta warware matsalar ita ce a sa wa iskar alama. A shekarun 1950 Hugo Knipping da abokan aikinsa a Kolon ta Jamus suka riƙa ba mutum iskar zenon-133 ya shaƙa. Iskar tana fitar da ɗan tururin nukiliya, sai a ɗora na'urar ƙirga shi a sassan ƙirji daban-daban. Masana a Montreal ta Kanada da asibitin Hammersmith na Landan suka ɗora daga nan, kuma abin da suka gano ya sauya littattafan likitanci. John West ya nuna a 1960 cewa jini ya fi gudana a ƙasan huhu fiye da samansa idan mutum yana tsaye. Joseph Milic-Emili ya nuna a 1966 cewa ita ma iskar ƙasa ta fi shiga, saboda nauyin huhun kansa. Ashe ko a jikin mai lafiya rabon ba daidai yake ba. Cuta kuwa sai ta raba iska da jini: jini ya je inda babu iska, ya komo bai ɗauki komai ba.

A 1968, a Montreal ɗin dai, James Hogg da Peter Macklem da William Thurlbeck suka tabbatar cewa toshewar hanyoyin numfashi tana farawa ne daga ƙananan bututun iskar da faɗinsu bai kai milimita biyu ba. Da yake dubbai ne, da yawa kan lalace kafin mai su ya ji a jikinsa. A ganina wannan ne binciken da ya fi shafar mu. Mai tuyar ƙosai a bakin Kasuwar Wunti, da mai gasa tsire, da mai fasa dutse a bayan gari, duk suna iya kwashe shekaru ɓarna na tafiya a ɓoye, sai hunturu ya zo da ƙurarsa asiri ya tonu.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Godfrey Hounsfield ya ɗauki hoton majinyaci na farko da na'urar sitisikan a Landan a 1971, ya kuma raba lambar Nobel da Allan Cormack a 1979. Da ita aka samu hanya mai sauƙi: a ɗauki hoto an cika ƙirji, a sake ɗauka an fitar da numfashi. Duk sashen da ya ci gaba da zama baƙi ƙirin, iska ta maƙale a can. A 1994 masana a Amurka suka ɗauki hoton huhun ɓera da na'urar maganaɗisu ta MRI bayan sun cusa masa zenon-129 da aka gyara da hasken leza. Cikin 'yan shekaru aka gwada a jikin mutane da hiliyam-3, inda iska ta shiga ya haska, inda ta kasa shiga ya zama duhu. Hiliyam ɗin ya yi ƙaranci da tsada bayan Amurka ta karkatar da shi ga na'urorin binciken kan iyaka, sai aka koma ga zenon. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince a yi amfani da shi a asibiti ba sai a Disambar 2022.

To, mu ina rabonmu? Hoto da tururin nukiliya a Najeriya an san shi ne a asibitin koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Sinadaran ba sa jimirin tafiya: teknetiyam, wanda aka fi amfani da shi, yakan rasa rabin ƙarfinsa cikin awa shida. Sabon abin da ya iso Arewa shi ne ƙaramar na'urar eksire ta tafi-da-gidanka da kwamfuta ke karanta hotonta, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021. Amma shi ma tarin fuka yake nema. Wanda ya sha maganinsa wata shida ya warke, huhunsa ya yi tabo yana haki, sau da yawa sallamarsa ake yi.

Alhali hukumar ta ce toshewar hanyoyin numfashi ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, a shekarar ita ce ta uku cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta kashe ƙasa da shekara 70 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. Bauchi ba zenon take buƙata yau ba. Na'urar busawa ta 1846, wadda yanzu ta koma girman wayar hannu, ita ta kamata ta kasance a kowane babban asibitin jihar, da ma'aikacin da ya iya ta. Mai hakin da ya daɗe kuwa, idan aka ce masa hotonsa lafiya lau, ya nemi a yi masa awon numfashi.