Tarihin Dutsen Washi da Faifan Gurza

Washi shi ne goga ƙarfe ko dutse a jikin abin da ya fi shi tauri har ya yi kaifi ko santsi, kuma a kudancin Kaduna wannan sana'a ta girmi ƙira kanta. Hujjar haka tana ƙasar Nok ta Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928, domin a irin waɗannan wurare an sami duwatsun niƙa da gatura na dutse waɗanda aka wasa bakinsu, irin waɗanda Bahaushe ke kira gatarin aradu, alhali kuwa hannun ɗan Adam ne ya gurje su da ruwa da haƙuri. Da baƙin ƙarfe ya bayyana, maƙeri bai rabu da dutsen washi ba, ga fartanya ga lauje duk suna buƙatar washi.

Zuwan jirgin ƙasa, da ya mai da Kafanchan mahaɗar hanyoyin Fatakwal da Kaduna da Jos wajen 1927, shi ya kawo kanikawa da injunansu. Amma asalin sauyin dutsen washi zuwa faifan gurza daga Amurka yake. A 1891 Edward Acheson ya dafa yumɓu da gawayi da wutar lantarki, ya sami ƙwayoyi masu tsananin tauri da aka kira kaborandam, sa'an nan a 1907 Leo Baekeland ya ƙago danƙon Bakelite, wanda in ya sha zafi ya daskare ba ya sake narkewa. Da aka cuɗa ƙwayoyin da danƙon, aka matse su a mazubi, aka gasa a zafin da bai wuce digiri 200 ba, sai aka sami faifai mai jure gudu da jijjiga.

Babbar hikimar kuwa, wadda ido bai cika lura da ita ba, tana cikin 'yan kafofin da ake bari da gangan tsakanin ƙwayoyin, ta wurin cuɗa wani abu mai narkewa ko ƙonewa ya bar gurbinsa. Nan ɓurɓushin ƙarfe ke samun mafita, iska ko ruwa su sanyaya aikin. In kafofin sun toshe, faifan ya yi ƙyalli ya daina ci, ƙarfe ya yi shuɗi don zafi.

Yau mai walda a Kafanchan ko Kagoro da irin wannan faifai yake share bakin ƙyauren ƙarfe, tartsatsi na tashi, sau da yawa babu tabarau a idonsa, kuma wannan sakaci ne da ya wajaba iyayen gidan sana'a su hana almajiransu.