Daga Harbi zuwa Gadi: Tarihin Aikin Kula da Namun Daji a Gana

Unguwar Nima da ke Akara ta samo asali ne daga shanu. A wajajen 1931 Malam Futa, wani dillalin shanu, ya sami filin daga hannun Gawa 'yan ƙasa don ajiye dabbobin da ake korowa daga arewa. A kan wannan doguwar hanya babu abin da ya fi ɓarna kamar ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore.

Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora laifin a kan namun daji, domin jininsu tsando yake sha. Saboda haka a yankin Mole aikin ma'aikacin gwamnati na farko shi ne harbe su da sare kurmi. A 1958 aka mayar da wannan daji wurin da aka hana farauta, a 1961 aka yi dokar kare namun daji, sannan a 1971 Mole ta zama gandun daji na ƙasa. Bindigar da aka saba nuna wa ɓauna sai ta koma kan ɓarayin farauta.

Sai dai ga zaki gadin bai wadatar ba. Makiyayi ba ya yafe wa abin da ya cinye masa saniya, doka kuwa ba ta biyan diyya da baki. Binciken da aka yi da kyamarori a Mole tsakanin 2006 da 2009 ya ɗauki hotunan kura da damisa, amma bai kama zaki ko ɗaya ba.