Daga Kotun Funtuwa Zuwa Taron Jos

Mai karatu, ka saba ganin kotu a fim: alƙali ya buga tebur, lauya ya yi hayaniya, shi ke nan an gama. A zahiri ba haka abin yake ba.

A watan Maris 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa saboda ta haihu ba aure. Ranar 19 ga Agusta babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin. Sai ranar 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara a Katsina ta soke shi, alƙalai huɗu cikin biyar. Cikin hujjojin har da ta Malikiyya kan kwantaccen ciki, wanda kan kai shekara biyar.

A Janairun 2004 jami'o'in Jos da Bayreuth ta Jamus suka tara masana a Jos, aka gabatar da maƙaloli kan aiwatar da shari'a, aka buga su littafi a 2005.

To, marubucinmu da zai saka kotu a labarinsa, ya taɓa buɗe irin wannan littafi kuwa?