Ali Nuhu: Daga fim ɗin Sangaya zuwa shugabancin Hukumar Fina-finai ta Najeriya

Ali Nuhu Muhammad jarumin fim ne, mai ba da umarni kuma mai shirya fina-finai, wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana fitowa a fina-finan Hausa da na Turanci. A masana'antar Kannywood ana yi masa laƙabi da Sarki. Tun watan Janairun 2024 shi ne Manajan Darakta na Hukumar Fina-finai ta Najeriya.

An haife shi a Maiduguri ranar 15 ga Maris, 1974. Mahaifinsa ɗan asalin Balanga ne a Jihar Gombe ta yanzu, mahaifiyarsa kuma 'yar Bama ce a Jihar Borno. Ya tashi tsakanin Jos da Kano, ya yi digirinsa na farko a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Jos, sannan ya yi hidimar ƙasa a Ibadan.

Ya shigo harkar fim a daidai lokacin da sana'ar take kafa ƙafa. Fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ake ɗauka a matsayin fim na farko na Hausa a kaset ɗin bidiyo. Zuwa 1999, shekarar da Ali Nuhu ya fara fitowa a fim ɗin Abin Sirri Ne, kasuwar ta riga ta buɗe, dillalan kaset na Bata da Ƙofar Wambai kuma su ne masu faɗa a ji.

Fim ɗin da ya fito da sunansa shi ne Sangaya na kamfanin Sarauniya, inda ya fito a matsayin ɗan sarkin da ya kamu da son wata yarinya mai aiki a gidan sarauta, rawar da Fati Muhammad ta taka. Labarin ba sabo ba ne. Abin da ya ja hankalin jama'a shi ne waƙa da rawa, waɗanda daga nan suka zama ginshiƙin fim ɗin Hausa. Wasila ya biyo baya, ya ƙara tabbatar da shi a matsayin jarumin soyayya. Ya kuma kafa kamfaninsa mai suna FKD, wanda ya reni matasa da dama da suka zama taurari daga baya.

Wannan salo bai tsira daga suka ba. Malamai da masu nazarin adabi sun daɗe suna zargin fina-finan da kwaikwayon na Indiya, kuma sunan Ali Nuhu na cikin waɗanda aka fi ambata. Zargin yana da tushe, domin an samu fina-finan da aka ɗauko labarinsu kai tsaye daga na Indiya. Sai dai ya kamata a tuna cewa gidajen sinima na Kano sun shekara da shekaru suna nuna fina-finan Indiya kafin a ɗauki fim ɗin Hausa ko ɗaya a bidiyo, don haka masu kallon ma da wannan ɗanɗano suka tashi.

Babban abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne tsallakawa zuwa fina-finan kudu. Rawar da ya taka a Sitanda, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, ta sa ya lashe kyautar jarumi mai tasowa a bikin karrama fina-finan Afirka na AMAA a 2007. A shekarar ce kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, abin da ya sa 'yan fim da yawa komawa Kaduna da Jos. Shi kuwa yana da wata ƙofar a buɗe. Ya fito a Last Flight to Abuja a 2012, da Confusion Na Wa na Kenneth Gyang a 2013, da kuma Amina, fim ɗin tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau.

A matsayin mai ba da umarni, fim ɗinsa Mansoor na 2017 ya gabatar da Maryam Yahaya, ya kuma ba mawaƙi Umar M. Shareef babbar rawa. Da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai, aikin ya koma kan fina-finai masu dogon zango a YouTube da talabijin, inda ya fito a Izzar So, ya kuma shirya nasa mai suna Alaƙa.

Ranar 12 ga Janairu, 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi ya gaji Dakta Chidia Maduekwe. Hukumar da aka damƙa masa an kafa ta a 1979, kuma hedikwatarta na Jos, garin da ya yi karatu. Ita ke kula da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ma'adanar tsofaffin fina-finai, ita ce kuma ke shirya bikin fina-finai na Zuma a Abuja, wanda ya samo sunansa daga dutsen nan da ke kusa da Suleja.

Batun ma'adanar ba ƙarami ba ne. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni bisa littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana zaton ya ɓata, sai da aka gano faifansa a wani tsohon ginin hukumar a Legas, aka gyara shi da taimakon ƙwararru daga Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Fina-finan Hausa na shekarun 1990, ciki har da waɗanda Ali Nuhu ya fara da su, a kaset aka ɗauke su, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura.