Daga Gindin Tsamiya: Tarihin Kafuwar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya

Ranar 17 ga watan Maris na 1923, a Garkida da ke bakin kogin Hawul, wasu Turawan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka tsaya a gindin wata tsamiya tare da ma'aikatan da suka ɗauka aikin gini. Ba majami'a, ba benci, ba ko ƙararrawa. Suka buɗe Littafi Mai Tsarki suka karanta daga wasiƙun Manzo Bulus, sannan suka roƙi Allah ya mai da wurin maɓuɓɓugar da mutane za su riƙa zuwa sha. Daga wannan gajeriyar sujada Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, take ƙirga shekarunta. Wanda ya san tsamiya ya san halinta: tana da jinkirin girma, saiwarta na tafiya can ƙasa, kuma ko rani ya tsananta ba a raba ta da ganye. Haka rayuwar wannan ekklesiya ta kasance.

Kulp da Helser 'ya'yan wata ƙaramar ɗarika ce da ta samo asali a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus a 1708, inda mutum takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka yi baftisma a kogin Eder. Sun gaji da ibadar da ta zama al'ada kawai, suna marmarin bin Yesu da zuciya ɗaya. Suka kira junansu 'yan'uwa, sunan ya bi su. Gado uku suka bar wa na baya: baftisma ga wanda ya yi hankali ya tuba da bakinsa, wanke wa juna ƙafa, da ƙin ɗaukar makami ko ramuwar gayya. Wannan gadon ne ya ƙetare teku zuwa Amurka, daga can ya iso ƙasar Bura.

Farkon bai zo da sauƙi ba. Biu suka nufa, amma hukumar mulkin mallaka ba ta yarje musu zama a can ba, sai suka sauka a Garkida. A 1924 Ruth, matar Kulp, ta rasu tare da jaririnta, ba ta ko cika shekara a ƙasar ba. Kulp ya binne su ya ci gaba da aiki, asibitin da aka gina a garin kuma aka sa masa sunanta. Suka duƙufa koyon harshen Bura, suna rubuta shi, suna koya wa yara karatu, suna ɗaure gyambo. Sai a 1927 aka yi baftisma ta farko, ga mutum huɗu, cikinsu akwai Pilesar Sawa da Risku Madziga. Shekara huɗu, mutum huɗu. Da ɗan kasuwa ne da ya naɗe tabarmarsa, amma masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Ƙofar da ta fi buɗuwa kuwa ba inda aka zata ba ce. A 1929 aka buɗe zangon kutare a Virgwi, kusa da Garkida. A wancan zamani kuturu abin gudu ne. Ba a cin abinci kwano ɗaya da shi, wani lokaci danginsa ma sukan yi masa bukka a bayan gari. A Virgwi sai ga wanda zai kama dungulmin hannunsa ya wanke, ya kira shi ɗan'uwa. Majiyyata suka riƙa zuwa daga ƙabilu daban-daban, suna shan magani, suna noma, suna koyon karatu. Waɗanda suka sami sauƙi suka koma garuruwansu da Littafi a jaka da waƙa a baki, suka fara tara iyalansu a ƙofar gida suna addu'a. Majami'u da dama a yankin sun samo tushe ne daga irin waɗannan mutane, waɗanda duniya ta yar, Allah ya tsince su ya mai da su masu bishara.

Daga Garkida aiki ya yaɗu. Aka buɗe Lassa a ƙasar Margi, aka buɗe Marama, a 1941 aka isa Chibok. Makarantun Waka kusa da Biu suka horar da malamai tun daga 1952. A Kwarhi, kusa da Mubi, aka kafa makarantar Littafi Mai Tsarki da ke ɗauke da sunan Kulp, inda ɗalibi kan koyi wa'azi ya kuma koyi huɗa da shanu, domin ya iya ciyar da kansa a ƙauyen da za a tura shi. Mishan ɗin Basel na ƙasar Switzerland ya haɗa hannu da su a duwatsun Gwoza. Hidimar ba ta daina cin rai ba: a 1969 wata ma'aikaciyar jinya a asibitin Lassa, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da likitoci ba su san shi ba, ta rasu a Jos. Shi ne zazzaɓin Lassa da duniya ta sani a yau.

Da Bura da Margi da Kibaku da Kilba da Kamwe da Glavda suka haɗu a inuwa ɗaya, sai Hausa ta zama harshen da ke haɗa su a taro da waƙa. An daɗe ana kiran ekklesiyar Lardin Gabas. A 1972 ta tsaya da ƙafarta, ragama ta koma hannun 'yan ƙasa, a 1976 kuma ta ɗauki sunan da take amsawa yanzu. 'Ya'yanta da aiki ko karatu ya kai birane suka tafi da ita Maiduguri, Kano, Kaduna, Jos, Abuja da Legas, har ta tsallaka Kamaru da Nijar. Yau ta ninka uwarta ta Amurka sau da yawa a yawan jama'a. Ƙashin bayan wannan girma kuwa Zumuntar Matan Ekklesiya ce: su ne masu anko da ganga da tulu, su ne kuma masu zuwa gidan rasuwa da tukunya, masu kwana a asibiti wajen marar lafiyar da ba shi da kowa.

Wanda ke son ya gane zuciyar EYN, ya halarci ranar wankin ƙafa. Maza na gefe guda, mata na gefe guda. An jera robobin ruwa. Dattijo mai furfura, wataƙila babban ma'aikacin gwamnati, ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa gaban wani manomi da faso ya tsattsaga wa diddige, ya tallafi ƙafar da hannu biyu ya wanke, ya goge. Sai su miƙe su rungumi juna, wanda aka wanke wa ya karɓi tawul ya juya ga na kusa da shi. Bayan haka a ci abinci tare, a karɓi Jibin Ubangiji. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take; a nan maganar ta zama abin gani da ido. Yana da wuya mutum ya riƙe ɗan'uwansa a zuci alhali ƙafarsa na cikin hannunsa, shi ya sa ake shirya tsakanin masu saɓani kafin ranar.

Sai wuta ta zo. Yankin da EYN ta fi yawa shi ne rikicin Boko Haram ya fi ɗaiɗaitawa, kuma Musulmi da Kirista duk sun ɗanɗana. A 2009 aka ƙone babbar majami'arta ta Maiduguri. Daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan EYN. Ranar 29 ga Oktoba na shekarar aka mamaye hedkwatar ekklesiyar da ke Kwarhi, shugabanni da ɗalibai suka bi daji, Rabaran Samuel Dali da ke shugabanci a lokacin ya mai da ofis Jos. Shugabannin sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na majami'unsu an ƙone ko an lalata, dubban ɗaruruwan mutanensu kuma sun rasa matsuguni.

A nan ne aka gwada gadon 1708. Ekklesiyar ta yi kira ga azumi da addu'a, daga mumbari kuma aka ci gaba da hana ramuwa. A sansanin Minawao na Kamaru, da sansanonin Yola da kewayen Abuja, 'yan gudun hijira suka kafa sababbin majami'u da itace da tamfol. Aka shirya tarukan warkar da raunin zuciya, inda gwauruwa kan faɗi abin da idonta ya gani, a yi kuka tare da ita, a hankali a kai ga maganar gafara. A Gurku ta jihar Nasarawa aka zaunar da Kirista da Musulmi da suka tsere daga wuta ɗaya a unguwa ɗaya. Dakta Rebecca Dali ta bi sawun marayu da matan da suka kuɓuta ba tare da tambayar addininsu ba, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017. A 2016, ƙarƙashin Rabaran Joel Billi, aka koma Kwarhi.

Gwajin bai tsaya nan ba. A Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi na Michika, aka kashe shi. A bidiyon da masu tsare da shi suka fitar, an gan shi cikin natsuwa yana gaya wa iyalinsa da abokan hidimarsa kada su karaya, domin komai na hannun Allah. Wata guda bayan haka aka kai hari Garkida kanta, aka cinna wa majami'a wuta. Duk da haka, a Maris na 2023 'yan'uwa suka taru daga ko'ina suka yi bikin cika shekara 100.

Waɗanda suka koma garuruwansu sun tarar da bango baƙi ƙirin, kwanon rufi a murɗe, bencina sun zama toka. Ranar Lahadi ta farko suka share gindin itace, suka jera duwatsu a madadin kujeru, mata suka ɗauko ganga, aka ta da waƙa. An ƙone musu abin da suka shekara 90 suna ginawa, sai suka tsinci kansu daidai inda aka fara. Allahn da ya sadu da mutane a gindin tsamiya tun ba a ɗora tubali ko ɗaya ba, shi suka tarar yana jiransu a inuwar.