Daga Duwatsun Ningi zuwa Gimi: Wani Shafi na Tarihin Kan Iyakarmu

Da yawa daga cikinmu mazauna Kano, Kaduna da Legas mun san Dutse ne a matsayin babban birnin Jihar Jigawa tun 1991. Amma a ƙarni na 19, Dutse da Birnin Kudu da Gwaram garuruwan kan iyaka ne, su ne garkuwar ƙasar Kano a kan hare-haren Ningawa.

Asalin rikicin shi ne, a zamanin Sarkin Kano Usman, Malam Hamza na Tsakuwa ya ƙi biyan kuɗin ƙasa, ya yi hijira da almajiransa zuwa duwatsun Ningi. A can suka haɗa kai da Butawa da Warjawa, suka kafa rundunar da ta shekara fiye da hamsin tana ƙona ƙauyuka da kama bayi a yankinmu, har zuwan Turawa.

Su dai duwatsun nan sun kuma zama mafakar wata jama'a da ake kira Isawa. Malaminsu, Malam Ibrahim, ya fifita matsayin Annabi Isa (A.S.) a cikin karatunsa, lamarin da ya sa aka zartar masa da hukuncin kisa a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa suka watse, wasu suka fake a ƙasar Ningi.

A shekarar 1913, wasu daga cikin zuriyarsu suka je Zariya wurin Likita Mila, ɗan mishan. Daga nan aka kafa musu ƙauyen Gimi a ƙasar Zazzau, ƙauyen Hausawa Kirista. Ciwon barci ya yi wa ƙauyen mummunar ɓarna, daga bisani waɗanda suka tsira suka koma Wusasa.

Me ya sa muke tuna wannan? Saboda a watan Satumba na 2006 an ƙona majami'u a cikin garin Dutse, kuma har yau akwai masu ganin duk Kirista baƙo ne a ƙasar Hausa. Tarihi bai goyi bayansu ba. Kakanninmu sun ɗanɗani ɗacin hari, sun san yadda ƙonannen gida yake. Nauyi ne a kanmu mu sanar da 'ya'yanmu da aka haifa a birane wannan tarihi, domin kada a wayi gari jikokin waɗanda aka kai wa hari su zama masu kai wa maƙwabtansu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.