Yadda Injin Kwamfuta Ɗaya Ya Ɗauki Aikin Goma

Tun da kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware a Nuwamban 2023, ya soke lasisin dindindin ya mayar da shi na haya, masu kula da kwamfutocin ma'aikatu ke ta kokawa da tsada. Kukansu na kan hanya. To amma yaya aka yi imel da rumbun bayanai da rajistar ma'aikata duk suka koma ƙarƙashin manhaja ɗaya?

Dabarar raba inji ɗaya ya yi aikin injina da yawa ba sabuwa ba ce. Tun 1967 IBM ke raba babbar kwamfuta gida-gida da CP-40, kowa na ganin injin nasa ne shi kaɗai, VM/370 kuma ta biyo baya a 1972. Da ƙananan kwamfutoci suka yi araha, sai ma'aikatu suka koma sayen uwar garke guda don aiki guda. Ɗakuna suka cika da injinan da ke wuni suna shan wuta, aikin kuwa bai taka kara ya karya ba.

A 1998 Diane Greene da mijinta Mendel Rosenblum na Jami'ar Stanford da abokan aikinsu suka kafa VMware, suka fito da ESX, manhajar da ke raba uwar garke gida-gida, a 2001. Da yawa na cewa tsimin kuɗin ƙarfe da lantarki ne ya jawo ma'aikatu. Ban yarda ba. Tsimi ya sa an kwashe injinan gwaji, amma ba mai ɗora albashin ma'aikata kan abin da bai amince da shi ba don ragin kuɗin wuta. VMotion, wadda ta zo a 2003, ita ta kawo amincewar. A da, canja kayan cikin uwar garke sai an yi sanarwar ɗauke sabis, injiniya ya kwana a ofis daren Asabar. Yanzu da rana tsaka zai danna linzami, kwamfutar da ke tsakar aiki ta tashi daga wannan ƙarfe ta sauka a wancan, akawun da ke shigar da lissafi bai ma san an yi ba.

Intel a 2005 da AMD a 2006 sun gina dabarar raba inji cikin ƙwaƙwalwar injin. Masu gogayya da VMware ma sun fito: Xen na nan tun 2003, KVM ta shiga Linux a 2007, Microsoft ta kawo Hyper-V a 2008. Sai dai ma'aikatu da dama sun riga sun ɗaure ajiyar kwafin bayanansu da horon injiniyoyinsu a jikin VMware, shi ya sa masu son ƙaura zuwa wata manhaja irin Proxmox a yau ke shan wuya kafin su kwance.